Ranar da Na Kai Hulata Birmingham

Old Trafford

Ƙarfe shida da kwata muka fito, bayan sallar asuba, ni da surukata Rabi. Gari bai waye ba, ana yayyafi. Ina rungume da kwali, cikinsa hula.

Wata Baturiya ce a Birmingham, Margaret, take ɗinka irin hulunan da kakanninsu mata suka sa, na karan alkama, masu baki a gaba da igiya a haɓa. Bonet suke ce mata. Masu saye kan yi shigar mutanen da, su yini a tsohon ƙauye jama'a na kallo, kuma ba sa karɓar ɗinkin keke. Hannunta ya fara ciwo, tana neman mai taya ta. Rabi ta gani a waya, aka aiko min da kara, na ɗinka guda ta gwaji. Ɗana likita ne, bai so ba. Ya ce, "Inna, in ta ce a'a, magana ta ƙare, ki huta." Shekara biyu ke nan ina wannan hutun a bakin taga, ni da na girma da saƙar faifai a Zariya.

A hanya

Bas ta tashi ƙarfe bakwai daidai. Direba ya duba tikiti a wayar Rabi, ya ce a sa kwalin a ƙasa tare da akwatuna.

"Gaya masa inda na zauna nan zai zauna," na ce.

"Inna, yana tambaya ko kek ne."

"Ce masa ya kalli titi."

Ya yi dariya ya bar mu. Mil tamanin da biyar ne, tumaki dama da hagu, babu makiyayi ko ɗaya. Tara da minti ashirin muka sauka. Rabi ta saya min shayi fam uku, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye.

Balsall Heath

Ƙarfe goma muna ƙofar Margaret. Tsohuwa ce kamata, yatsunta sun kumbura. Na duba ɗakin aikinta, a share yake, allurai a jere. Na yarda da ita.

Ta buɗe kwalin. Ni kuwa da na gama hular na ga ta fito fari fat kamar ba a ƙarasa ba, sai na zagaye bakinta da ja da kore, yadda muke yi wa faifan amarya. Margaret ta yi magana a hankali, Rabi ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce? Kada ki rage min."

"Ta ce ta yi kyau, Inna, amma ba za ta shiga ba. Matan lokacin ba su sa irin wannan adon ba. Ba kyau ake nema ba, kamanni ake nema."

Raina ya ɓaci. Har na kai hannu ga kwalina, sai Margaret ta ɗauko wata hula daga cikin takarda, tsohuwa ta ainihi, ta yi launin ƙasa. Ta ce daga ita take kwaikwayo. Na kai ta bakin taga na juya cikinta. Na ce, "Mai wannan bahaguwa ce. Kuma nan zare ya ƙare mata, ta ƙarasa da wani." Sai na ɗauki ta Margaret na haɗa su. Tata zare yana leƙowa a kowane layi, ta bahaguwar babu.

"Tambaye ta, ta san me ya sa?"

Ba ta sani ba, shekara da shekaru abin yana damunta. Na ce a ba ni allura. Ba huda kara ake yi ba, ƙarƙashin saƙar ake bi, a fito ta gefe, kamar bakin faifai. Na yi layi guda. Ta sa tabarau, ta nemi zaren, ba ta gani ba. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Aikin hula shida ta ba ni da damin kara, da sharaɗin babu ja babu kore. Na ce na ji, amma tawa ba zan warware ba. Ta ce ai ita ma ba za ta bari ba, ta rataye ta a bango.

Small Heath

A gidan yayar Rabi muka yi azahar, muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka. Gishiri ya ɗan yi yawa. Uku da rabi muka kama hanya.

Gida

Shida da 'yan mintuna muka shiga. Ɗana ya kalli damin karan da Rabi ta shigo da shi, ya kalle ni.

"Inna, duk wannan?"

"Kwashe takardunka daga teburin nan, ya fi haske."

Ya kwashe. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Rabi kuma Allah Ya yi mata albarka, yini guda tana ɗaukar maganata tana kaiwa, ba ta zubar da ko ɗaya a hanya ba.