Notin Motar Baba

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma sayen akwatin sifana da na yi a shekarar da idon Baba ya fara rufewa, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Baba direba ne kuma makaniki, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Gidimuni. Ni kuwa lakwal aka sa ni, wato makarantar boko, na fito malamin makaranta, shi ya sa yake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci a wajenmu, rabi girmamawa rabi tsokana. Hannuna bai san baƙin mai ba, alli kawai ya sani. Da Baba ya ajiye tuƙi sai ya rabar da kayan aikinsa ga waɗanda ya koya wa sana'a, ya bar tsohuwar motarsa ƙirar Faransa a gindin dogon yaro a ƙofar gida, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Likita ya gaya mini a keɓe cewa ciwon idon Baba ba mai komawa baya ba ne. Ya ce hasken zai yi ta tsukewa daga gefe har ya ɗauke gaba ɗaya, don haka duk abin da muke son ya gani mu nuna masa tun yanzu. Ban gaya wa Baba ba, amma ashe ya riga ya gane. Wata rana bayan la'asar muna zaune a tabarma sai ya ce, "Mushe, tafki nake son gani."

Na san tafkin da yake nufi. A bakin tafkin Gidimuni ya fara ganin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana ɗauke da rake a kai, shi kuma ya tsaya zuba wa mota ruwa. In yana ba da labarin sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ce da safe ruwan yakan yi fari har ka rasa inda ya ƙare da inda sama ta fara, inuwar dabino tana kwance a kansa, fararen tsuntsaye suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ce sai mu je tasha gobe mu shiga mota. Ya yi tsaki ya ce, "Hanyar da na sani kamar tafin hannuna, ba zan bi ta a matse tsakanin buhun gero da akuya ba. A motata za mu je, kai za ka tuƙa."

Muka sa sabon batir, muka canja mai, na murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas kawai muka ji. Baba ya karkata kai ya ce dimare ne, wato abin da ke tayar da inji, kuma yana can wani lungu da sifana na yau da kullum ba ya samun wurin juyawa. Ya ce in sayo kile, wato sifana, mai ƙar-ƙar, irin wanda ake yi wa gaba da baya ba sai an ɗaga shi daga kan noti ba, mai kawuna da ake cirewa a sa wani. Sannan ya lalubo wani noti daga cikin tsohon gwangwani ya danƙa mini. "Tafi da wannan, girmansu ɗaya da na dimare. Ba a sayen kile sai da noti a aljihu."

Gaskiya a raina dariya na yi. Na ce wannan dabarar waɗanda ba su yi karatu ba ce, ni da nake karanta lamba me zan yi da noti? Na ajiye shi a kan taga na kama hanyar kasuwa.

A rumfar wani mai sayar da kayan ƙarfe na ga wani jan akwati. Da ya buɗe mini shi sai na tsaya kamar mai kallon lefe. Kawuna ne jere reras daga ƙarami zuwa babba, suna walƙiya, kowanne da gurbinsa. Nan take na lula wata duniya. Na ga kaina ina gyara ƙyauren gida da ya daɗe yana kuka, na ɗaure gadon da ke rawa, na gyara famfo, maƙwabta suna sallama suna neman aron kayan Mushe, Baba kuma yana gaya wa abokansa ashe ɗan nan nasa ya gado shi. Lambobin da ke jikin kawunan ba dunƙulallu ba ne, rabi ne da kashi-kashi, irin lissafin da nake koya wa yara a aji, sai abin ya ƙara burge ni. Mai rumfar ya tambaye ni, "Malam, wace irin mota ce?" Na ce masa mota ai mota ce, ya rufe ya ba ni.

Washegari da safe na shiga ƙarƙashin motar. Kai na farko ya ƙi shiga kan notin, na ɗauki na gaba da shi, ya shiga har da ɗan sarari. Na ja, ya zame. Na ƙara ƙarfi, ya sake zamewa. Maimakon in tsaya sai zuciya ta ɗebe ni, na yi ta ja har na ji yana juyawa sumul. Da na sa yatsa na taɓa, kusurwoyin notin duk sun cinye, ya koma kamar ƙwallon magarya.

Kuskuren sayen bai kai abin da na yi bayansa muni ba. Kunya ta hana ni faɗa. Na tura jan akwatin ƙarƙashin gado, na ce wa Baba jarrabawa ta matso, takardu sun yi mini yawa. Mako uku cur ina wannan ƙarya. Kullum da yamma zan tarar da shi zaune kusa da motar, hannunsa a kan ƙofarta, ya ce, "Mushe, yaushe?" in ce sai Asabar in Allah ya yarda. A cikin makonnin nan ne na ga ya fara laluben butar da ke gefensa, abin da bai taɓa yi ba. Raina ya yi ta suya, amma na ci gaba da ƙaryar.

Ranar wata Juma'a na tsaya gaisawa da mutane bayan masallaci, da na iso gida sai na hango ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin mota, yana kwance a tabarma da farar rigarsa. Na ji muryarsa daga ciki yana cewa, "Kai, wannan noti ya sha wuya." Ya fito a hankali, ya ce in kawo abin da na sayo. Ya ciro notin nan da na bari a kan taga daga aljihunsa, ya sa shi a cikin kan sifanan, ya girgiza a kusa da kunnena. "Ka ji? Kile ba ya rawa a kan noti. Wannan na motocin Amurka ne, awonsu daban da namu." Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Bai yi ba, sai ya ce, "Ɗauko mini hulata."

Yana dafe da kafaɗata muka shiga kasuwa. Mai rumfar ya shimfiɗa masa duk abin da yake da shi. Baba ya ɗauki na farko ya kai kunne, ya lumshe ido, ya juya shi sannu sannu. "Haƙoran wannan manya ne, sai ka buɗe hannu sosai kafin ya kama. A lungun dimare ina wurin buɗe hannu?" Ya ajiye. Na biyu ya ce ƙarfensa ba nauyi, ba zai yi ƙarko ba. Da ya juya na uku sai wani siririn sauti ya fito, kamar kukan gyare a damina, na ga fuskarsa ta saki, ya daɗe yana juya shi yana murmushi, ya bar mu a tsaye ya tafi wani zamani nasa. Ya tura ɗan maɓallin baya ya gwada ɗaurewa, ya mayar ya gwada kwancewa. Ya zura yatsa cikin kan ya ƙirga kusurwa shida, ya ce irin wannan ne ke rungumar noti, mai sha biyu gefe kawai yake taɓawa. Sannan ya sa notinsa ya girgiza, shiru. "Tirez ke nan. In akwai dis da duz da disset, an gama gyaran mota da na gida." Baba bai taɓa shiga aji ba, amma lambobin kile da Faransanci yake kiransu: tirez sha uku, dis goma, duz sha biyu, disset sha bakwai.

Mai rumfar ya ce, "Baba, ku kam da kunne kuke gani." Ya karɓi jan akwatinsa ya ba mu wani ɗan ƙaramin mai launin toka, wanda da ni kaɗai ne ko kallonsa ba zan yi ba.

Baba ya sa na goge cinyayyen notin da magagari, muka buga masa duz, kan da ke ƙasa da tirez, da guduma har ya kama, ya kwance. Wani makaniki ya gyara dimare, muka mayar. Ranar Lahadi da hantsi muka fita. Mun wuce kukokin Mirriya yana faɗa mini kowace kwana kafin mu kai ta, ɗan akwatin yana kan cinyarsa.

A bakin tafkin ya daɗe tsaye, iska tana kaɗa rigarsa. Can ya ce, "Mushe, farin nan mai motsi, ruwan ne?" Na ce shi ne, Baba. Ya ce, "To dabinon fa, suna nan?" Ga su nan a gabansa, dogaye, har inuwarsu ta taɓa ƙafarsa. Har yau ban sani ba ko da mun zo mako uku kafin nan zai gan su, kuma babu mai iya gaya mini. Hawaye ya zubo mini, na ce, "Baba, ku gafarce ni, ni na ɓata muku lokaci." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Ruwa na zo gani, na kuwa gan shi. Sauran kai ka faɗa mini." Na yi ta faɗa masa dabino da lambuna da tsuntsaye, yana gyaɗa kai. Sai ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri ɗan nesa da mu ya ce, "Can mahaifiyarku ta tsaya."

Kafin damina ta zagayo hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Yau Baba ba ya duniya, ɗan akwatin tokan yana wurina, da shi na gyara ƙyaure da gado da famfo, bai taɓa zamewa ba. Abin da na koya shi ne kada ƙyalli ya ruɗe ni, in auna kaya da aikin da za su yi, kuma in saurari mai sana'a ko bai san biro ba. Babba a ciki kuwa, in na yi kuskure in faɗe shi a ranar, domin lokacin da kunya ke ci ba nawa ba ne ni kaɗai. Cinyayyen notin nan yana aljihuna duk inda za ni.