Tunkiyar da Ta Raba Ni da Akushin Kawu

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, Gusau ta cika da sababbin ma'aikata, ni kuwa na aje makaranta daga aji biyu na sakandare. Na taɓa gyaran keke a Tudun Wada, na taɓa kabu-kabu, ba wanda na daɗe a kai. Da damina ta faɗi Baba ya gaji da ni, ya tura ni Bunguɗu wurin Kawu, wan Innarmu, wai ko noma zai kwantar min da kai.

Gidan Kawu ciyayya ake yi. Bayan magariba kowane magidanci a fito mashi da akushinshi ƙofar gida, a zauna tare, a ci na wanga a koma ga na wancan. Duk wanda ya sa hannu cikin akusan nan ɗan gida ne. Ni ma anka ba ni gurbi kusa da Kawu.

Wata safiya muna noma cikin gero sai ga tunkiya, fara mai baƙin wuya, kunnen hagu a tsage. Ba ta unguwarmu ba ce. Na ce, "Kawu, yau Allah ya kawo nama."

Ya ce, "Naman ƙaniyarka. Ja ta ka kai ma mai unguwa. Dabba ba ta faɗowa daga sama."

Mai unguwa ya ce a riƙe ta gidanmu, a riƙa cigiya ranar kasuwa har mai ita ya bayyana. Cigiyar ta faɗa kaina.

Ran nan wurin tuwo anka ɗauko zancenta. Kawu ya ce, "Kun gani, ko tunkiya ba ta rasa mai ita. Balle sama da ƙasa da rana da wata. Duk abin da ka gani, akwai wanda ya yi shi."

Ni dai loma na hannuna, bakina ya riga ni. Na ce, "To Kawu, in komi sai da wanda ya yi shi, shi wanda ya yi su fa? Wa ya yi shi?"

Wani ya ce a'uzu billahi. Wani ya ce, "Ɗan birni ke nan, boko bai ƙare ba amma ya kwaso dattinshi." Kawu ya sa hannu ya janye akushin daga gabana.

Ya ce, "Ka ce Shaiɗan ne ya yi magana da bakinka, ka yi istigfari, ka dawo ka ci."

Na ce, "Astagfirullah, na yi. Amma ba Shaiɗan ba ne. Ni na tambaya."

"Sai ka ce shi ne."

"Ban faɗin ƙarya don tuwo, Kawu."

Tun daga ranar, a kwano ake aiko min da nawa, in ci a garke kusa da tunkiya. Salla ban bari ba, sahu ɗaya nike tsayawa da su. Gona ban bari ba. Amma in na tunkaro ƙofar gida hira sai ta mutu. Matar Kawu ta same ni a garke ta ce, "Haba ɗana, kalma guda ce fa. Faɗi ka huta." Na ce, "Inna, in na faɗi, gobe ma in na yi tunani sai a ce ba nawa ba ne."

Ranar kasuwa in ja tunkiya da igiya zuwa kara, wurin masu dabbobi, ina cewa, "Wa ya yi ɓatan tunkiya?" Samari na min dariya, wai ga marasa mai su guda biyu. Tambayar kuwa ba ta sake ni ba. In ina kan kunyar gona sai in duba sama in ce, wanga abu duka bai zo haka kawai ba, na yarda. To amma in ka bi igiyar baya, ina turken yake?

Gero ya fara fidda kai lokacin da wani Bafulatani ya zo daga wajen Tsafe. Kafin a nuna mashi ita ya faɗi tsagar kunnen, ya faɗi tabon da ke ƙafarta ta baya. Ta ji muryarshi ta tsinke igiya. Ya yi godiya ya tafi da abarshi.

Da magariba Kawu ya aika anka kira ni gaban mutane. Ya ce, "Ka gani? Tana da mai ita."

Na ce, "Ni yaushe na ce ba ta da shi? Tambayata daban ce."

Ya ce, "Shi ba a yi shi ba. Shi ne farko. Da an yi shi, da shi ma abin yi ne kamar tunkiya. Can tambaya take tsayawa."

Wallahi amsar ta shige ni. Amma sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Ashe kana da amsa, Kawu. Mi ya hana ka ba ni ita ran nan, ka ɗauke min tuwo?"

Ya turo akushin da bayan hannu. "Zauna. Amma ka faɗi abin da na ce ka faɗi."

Tuwon dawa ne da miyar kuka, har da man shanu. Yunwa nike ji. Na ce, "A ci lafiya," na shige ciki na ɗaure kayana.

Washegari na hau motar hatsi mai zuwa Tsafe, inda na kama dako a kasuwa. Ina bisa buhuna munka wuce dutsen Kwatarkwashi, na yi ta kallonshi har ya ɓace. Amsar Kawu na tafi da ita, har yau tana wurina, wata rana ta ishe ni, wata rana in sake juya ta. Kalmar da ya nema dai bai samu ba.