Dokokin da muka kafa wa mai shanu a wajen dara

Shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Dala ya zama ɗan majalisa, har mu 'yan dara na gindin darbejiya a Ƙofar Ruwa. Ni da aji biyu kawai na yi a firamare, malamai suka yi hamdala da tafiyata, ni ne gwanin wurin. Akwai buzun da gwani kaɗai ke zama a kai, kuma shekara takwas ba wanda ya tashe ni.

Sai wani dattijo Bafillace mai kawo shanu kasuwa ya fara zuwa bayan la'asar. Cikin kwana uku ya cinye kowa, saura ni. Duk wanda ya buga da shi sai ya rantse hannunsa ne ke kai tsakuwa ramin da bai yi niyya ba. Aka ce asiri ne.

Muka yi zama har da ɗaga hannu, muka kafa dokoki. A cire zobe da laya. A wanke hannu da ruwan buta. A karanta Falaƙi da Nasi, kuma kada a kalli ƙwayar idonsa. Wani tela a cikinmu ya ƙara da cewa kowa ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Wannan dokar ni ta kama, don sha biyu ake wasa da su, nan kuwa tsakuwata ta goma sha uku ke ɓuya, amma haka na ɗaga hannu ina gyaɗa kai.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Tunda idona kuke tsoro, Malam, bari in ba ku ƙeya.”

Ya juya wa darar baya, ya fuskanci Dutsen Dala, muka fara ni da shi. Telan ke gaya masa inda na sa, shi kuma ya faɗi inda za a kai tsinkensa. Rami talatin, duk yana riƙe da su a ka. Har mai raken da ke gefe ya daina fiƙa.

Da na ga ƙasa na zamewa, sai na tura wata tsakuwa rami guda da ɗan ƙaramin yatsa. Telan ma bai gani ba. Da ya faɗi motsina na gaba, dattijon bai waiwayo ba ya ce, “Waccan ta gefen gabas ta fita kiwo ba makiyayi. Mai da ita gida.”

Na mayar da ita. Motsi huɗu ya gama da ni.

Na miƙe, na kakkaɓe buzun da kaina na shimfiɗa masa. Ni kuwa na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na ce don Allah a sake jera mana.