Takalmin Da Na Sayo Da Ɗan Girma

Edita, sallama gare ki da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran 'yan'uwa a wannan shafi, yau na ce bari in fito da nawa. A ƙarshen shekarun 1980 ina da shekara talatin da bakwai da 'ya'ya uku, muna zaune a wani flat a hawa na huɗu a unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa. Maigidana likita ne, ƙarin karatu ya kawo shi, aiki ya riƙe shi. Ni kuwa ba ni da abin yi sai girki, kai yara makaranta, da kallon ruwan sama ta taga. Ina da hali biyu da gara in faɗa tun yanzu: ba na son a ce ban isa yin abu ba, kuma ba na raki. A gidanmu a Zariya an san ni da wannan. Haihuwa uku na yi ba wanda ya ji muryata, kuma a lokacin ina taƙama da haka.

Bayan haihuwar autana ciwon baya ya saka ni gaba, maigida ya ce in nemi abin motsa jiki. Akwai wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke kira Mma, tana sharar wani zauren taro na ƙaramar hukuma kusa da kasuwa. Ita ta gaya min cewa duk Talata da Alhamis da hantsi mata zalla na taruwa a can, a ja labule, suna koyon rawar da Turawa ke kira bale. Na je don in yi dariya, sai ga ni na sa hannu a takarda. Malamar Baturiya ce mai furfura, ta yi rawar a ƙuruciyarta. Tun ranar farko ta tsayar da aji ta ce kowa ta kalli yadda nake riƙe wuya da baya. Na ce mata aikin tulu ne, tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗauko ruwa a ka. Daga ranar kaina ya kumbura. Matanmu da suka ji labari a wajen wani suna suka yi ta tsiya, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban kula su ba, don cikin wata uku bayana ya warke.

A ƙarshen kowane darasi wasu mata biyu kan sa wani takalmi mai sheƙi, bakinsa da tauri, su dafa sandar da ke jikin bango su miƙe tsaye a kan tsinin yatsunsu. Minti goma kawai ake ba su. Wallahi tun da na gani raina ya biya. Da na cika wata bakwai na ce wa malama ni ma lokacina ya yi. Ta sa na tsaya da ƙafa ɗaya na ɗaga dunduniya, ta nuna min yadda idon sawuna ke karkarwa. Ta ce sai na ƙara aƙalla shekara biyu, domin ƙashin babba ba ya yafe ganganci, kuma in ranar ta zo ita da kanta za ta raka ni shago a gwada min. Sannan ta ba ni aikin gida: in shimfiɗa tawul a ƙasa in riƙa tattaro shi da yatsun ƙafa, in kuma riƙa ɗaga dunduniya ina saukewa a hankali. Na ji haushi ƙwarai. Ni, uwar 'ya'ya uku, a ce in zauna ina wasa da tawul?

Ba a yi mako biyu ba na ga irin takalmin a wani shagon gwanjo. Na gwada, ya yi min ɗan yawa, na ce ai haka ake so. Haka aka saya min takalmi ina yarinya, haka nake saya wa yarana, da ɗan girma don ƙafa ta sha iska. Ban san wannan takalmin dole ya kama ƙafa tsam ba, ban kuma san mai shi ta farko ta riga ta cinye ƙarfinsa ba. Na cusa auduga a bakinsa. Da yara sun tafi makaranta sai in shiga kicin, in dafa wurin wanke-wanke in miƙe. Ƙafar takan zame a ciki, nauyina duka ya sauka kan yatsa ɗaya, amma da na hango kaina a gilashin taga sai in manta. A mako na uku, wata safiya, na ji wani abu ya ce ƙas a bayan ƙafata ta dama, zafi ya harba har ƙwaƙwalwata.

Nan ne na yi babbar wautar. Na yi shiru. Na gasa wurin da ruwan zafi, na shafa man zafi, da na ga ya kumbura ya yi baƙi sai na kwaɓa lalle na ƙunsa ƙafafuna biyu don kada maigida ya gani. Har yabawa ya yi, ya tambaye ni ko biki ake yi. Mako biyar ina hawa bene da ƙafar, ina zuwa aji ina murmushi, in malama ta ce ta ga kamar ina ɗingishi in ce sanyi ne.

Mma ce ta kama ni. Mun saba yin azahar tare a ɗan ɗakin da take ajiye kayan shararta bayan an tashi. Ranar ta riga ni idarwa, ta zauna tana lazimi tana kallona. Ta ga in na yi sujada yatsun ƙafata ta dama ba sa lanƙwasa, ƙafar a kwance nake barinta, a zaman tahiya kuma ina miƙe ta gefe. Ina sallamewa ta jawo ƙafar ta danna da babban yatsa. Ihun da ban yi a ɗakin haihuwa ba, ranar na yi shi. Ta dube ni, da irin Hausarsu ta zango ta ce, "'Yata, ƙafan nan ya karye. Lalle ba ya ɗori." Ta ce ko in gaya wa maigida yau, ko ita ta hau bas ta je ta gaya masa.

Maigida bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai, yana duba ƙafafun mutane kullum a asibiti, ta gidansa kuma an ɓoye masa. Hoton ƙashi ya nuna ƙashin da ke bayan yatsa na biyu ya tsage har ya fara gocewa. Likitan ƙashi ya ce da na ƙara 'yan makonni sai an yi aiki, kuma mai yiwuwa yatsun su sandare ba su ƙara lanƙwasawa ba. Ba rawa ce ta faɗo min a rai ba, sujada ce. Mako bakwai ƙafata na cikin filasta ina salla a kan kujera, ina kallon darduma a ƙasa ina hawaye. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Da aka cire filastar na ɗauki takalmin a leda na kai wa malama, na faɗa mata komai. Ta lanƙwasa shi da hannu ɗaya ta nuna min ya daɗe da mutuwa. Ta ce takalmin bai ba ta haushi kamar shirun mako biyar ba, don a wannan rawa ciwo saƙo ne, wadda ta ɓoye shi ba ta da wurin zama a ajinta. Ta karɓe ni bisa sharaɗin duk inda ya yi min zafi in faɗa nan take. Ku yarda da ni, buɗe baki a gaban mata goma sha biyu in ce nan yana min ciwo ya fi min tattara tawul wuya. Amma na koya. Na koma layin sababbin shiga, na yi wasan tawul safe da yamma, har yatsuna suka iya ɗauko cokali daga ƙasa.

Shekara biyu da rabi aka yi kafin ta ce in shirya mu shiga gari. A shagon an yi kusan awa ana gwada min kala-kala. Wanda aka zaɓa ya matse ni har na buɗe baki zan ce a ba ni mai ɗan girma, malama ta harare ni, muka fashe da dariya. Ni na ɗinka igiyoyinsa da hannuna. Ranar wata Alhamis, ina da shekara arba'in da 'yan watanni, na dafa sanda da hannu biyu na miƙe. Malama ta ƙirga takwas, idon sawuna bai motsa ba. Mma tana bakin ƙofa jingine da tsintsiyarta, ta rangaɗa guɗar da ta firgita Turawan nan kaf. Ban taɓa hawa dandamali ba, ban wuce minti goma ɗin ba, amma ina alfahari da wannan takwas ɗin, kuma ba na jin kunyar faɗa.

'Yar'uwa, in kin girma kika yi sha'awar wannan rawa ko wani abu makamancinta, girma bai hana ki ba, gaggawa ce za ta hana ki. Ki bari mai koyar da ke ta ce kin isa. Kada ki sayi takalmin nan ke kaɗai, kada ki sa na wata, kada ki gwada a kicin. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a daina koya wa 'ya'ya mata cewa duk faɗin ciwo raki ne, don dauriyar da nake taƙama da ita ce ta kusa nakasa ni. Mma ta rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙanta. Ni yanzu na haura saba'in, na daɗe da ajiye takalmin, amma tawul ɗin yana nan gefen gadona. Har yau in na kai goshi ƙasa yatsuna goma a lanƙwashe suke suna fuskantar alƙibla, kuma ba na ɗagowa sai na yi mata addu'a.