Yashi a Garin Tattasai

Talata: Damagaram zuwa Diffa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida da jakar spana da farantan niƙa sababbi guda biyu cikin buhu. Taubashina Alhaji Sanusi ne ya kira ni. Shekara uku ke nan da ya kafa injin niƙa tattasai a Diffa, yana ɗura garin a leda yana aikowa Damagaram. Yanzu babban mai sayensa ya maido masa da kaya, wai yashi na garas-garas a haƙori, kuma in na gaba ya zo haka, an rabu. Samari shida ke cin abinci a wurin. Sanusi ya riga ya yanke cewa farantai ne suka cinye, ni kuwa makanike, ban ƙi ciniki ba.

Kar, wato babbar motar haya, ta tashi biyar da kwata, jaka tara na biya. Mun sha shayi da burodi a Gure wajen takwas da rabi. Bayan Gudumariya wani jandarma ya ɗaga buhuna, ya ji nauyi, ya tambaya ko mene ne. Na ce haƙoran inji ne. Ya maido mini da katina na shaida, ya ce Allah ya ba injin lafiya. La'asar ta same mu a Diffa, kilomita ɗari huɗu da saba'in, bayana kamar ba nawa ba.

Laraba: wurin niƙa

Da hantsi na kwance injin. Farantai lafiyarsu lau, za su yi wata shekara. Gaskiya na ji haushi, har zuciya ta raya mini in ɗaura sababbin in yi shiru. Amma da na zura hannu ƙasan buhun tattasai, sai na ji yashi a farce. Na tambaya wa ke gyara tattasan kafin niƙa. Samarin suka dubi juna. Ashe a da mata takwas ke yi, Alhaji ya sallame su da ya sayo rariya mai lantarki.

"Kai dai gyara aka kira ka, ba wa'azi ba," in ji Sanusi.

Na ce masa tun muna yara shi mai son banza ne, kuma araha ba ta ado. Ya zage ni, na rama, muka ci shinkafa da kifi a kwano ɗaya.

Alhamis: bakin kogin Komadugu

Ƙarfe bakwai muka fita a motarsa, kilomita goma sha biyu, shingen soja ɗaya. A ƙauyen, tattasai ne shanye a kan rairayi, ja wur har inda ido ya tsaya. Muka sami Ya Falmata, Babarbariya, shugabar matan da aka sallama. Ta gaishe mu doguwar gaisuwa irin tasu, ba ta nuna ta san abin da ya kawo mu ba. Sannan ta ɗauki tattasai ɗaya, ta ɓare shi, ta ƙwanƙwasa a tafin Sanusi. Yashi ya zubo. Ta yi mini bayani cewa in yana bushewa tsagewa yake, rairayi ya shige ciki ya maƙale. Sai an cire hanci, an ɓare, an kaɗe, an bakace a faifai. Rariya waje kawai take girgizawa.

"Injin naka yana da ido, Alhaji?"

Sanusi ya ce to, mata huɗu za su dawo aiki. Ta ce takwas suka tafi, takwas za su dawo, kuma a yi musu rumfa, don rana ta ishe su. Ta koma shanyarta ta bar shi tsaye. Na ji daɗi ƙwarai. Can ya ce to.

Juma'a

Su takwas suka zo, hanci ɗaure da gyale, atishawa kamar ana gasa. Bayan masallaci aka niƙa buhun farko, aka ba ni leda ɗaya in kai wa mai saye.

Asabar: gida

Mun tashi biyar, mun shigo Damagaram uku da rabi. Ban je gida ba sai da na biya kasuwa. Mutumin ya lakaci garin, ya tauna a hankali, ya sake taunawa. Ya ce a kawo.

Maiɗakina ta ga buhu ya dawo da nauyinsa, ta tambaya ko yawon buɗe ido na kai ƙarafan. Na gode Allah da ya kai ni ya maido ni lafiya, na gode wa Ya Falmata da ta yi gyaran da aka kira ni dominsa. Farantan na nan ƙarƙashin gado, mai bukata ya zo.