Ranar da Na Sa Aka Kwashe wa Wayata Kaya

A shekarun da muke kwana da ƙarar bindiga mu tashi da ita, 'yata ta fari ta tsallaka Kamaru da mijinta, ni kuwa na samu kaina a unguwar Mairi, gidan ɗana. Shi ya saya mini waya ta shafawa, don in riƙa jin saƙon muryarta.

Wayar nan, yadda duk ka so ta haka take zama. Ɗana ya zauna ya shirya ta yadda shi yake so. Sai an ja wani zane da yatsa take buɗewa, ga ƙananan hotuna birjik, kowanne da wani a cikinsa. Ni ban yi boko ba. In na taɓa nan, ta kai ni can. Dole in jira ya dawo aiki, ya kara a kunnensa tukuna, sannan ya ce, "Hajja, tana gaishe ki, lafiyarsu ƙalau." Wani saƙon ya kunna mini, wani ya ce saƙon ne ya goge da kansa. Na lura dogayen ne suke gogewa.

Wata Talata na hau Keke Napep zuwa kasuwar Gamboru, wajen wani ɗan Ibo mai gyaran waya.

Ya jujjuya ta ya ce, "Mama, me ya lalace?"

Na ce, "Ba abin da ya lalace. Kaya suka yi mata yawa. Kwashe."

"In koya miki mana. Kwana biyu kin iya."

"Ɗana, matan da na koya wa ɗinkin hula sun fi gashin gemunka yawa. Ba na ba mai koyo zare kala bakwai. Allura ɗaya, zare ɗaya, sai hannu ya faɗa a ƙara. Wanda ya ƙera wannan bai taɓa koyar da kowa komai ba."

Ya yi dariya, ya cire zanen, ya ɓoye hotunan, ya bar fuskar 'yata ita kaɗai, ƙatuwa. Ya goya hannuwansa a baya, ya sa na buɗe da kaina har sau uku. Ya ce sauran suna nan, ran da na so a fito mini da su ɗaya ɗaya.

A bencin shagon na saurari sabon saƙo. Mijinta ya rasu, kwana goma sha biyu ke nan. Tana takaba, tana tambaya me ta yi mini na yi shiru. Na danne da yatsa, na yi mata ta'aziyya da bakina.

Da na koma gida na faɗa wa ɗana abin da na ji, ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajja, hawan jininki na ji wa tsoro."

Na ce, "Ni na haife ta. In kuka za a yi, da ni za a yi. Kada ka ƙara taɓa mini waya."