Malam Ɗahiru Mai Ƙanƙara da Duwatsun da Ya Gyara

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Ɗahiru Ilyasu a Gangara ta ƙasar Gazawa a shekarar 1958, ko da yake takardarsa ta lakol, wato makarantar boko, 1961 ta ce, kuma har yau dangi ba su daidaita a kan wannan ba. Mahaifinsa Ilyasu maginin rijiya ne wanda kakanninsa suka ƙetaro daga Katsina, mahaifiyarsa kuwa Saliha. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi shekara huɗu a lakol ɗin Agiye, sannan ya koma sana'ar mahaifinsa.

Aiki da Aure

A 1981 ya auri Zulai, 'yar Gidan Sori. A 1984, shekarar fari, aikin rijiya ya kai shi Abzin, inda ya tono wata ƙanƙara, wato dutse mai sheƙi garau, mai fuska shida da tsini a kai. Ya dawo da ita a aljihu, kuma tun daga nan hankalinsa bai sake barin duwatsu ba. Shekara talatin da biyar yana tara su, farare da shunayya da ruwan zuma, daga hannun direbobi da masu neman zinariya, har adaka biyu suka cika. Jama'a sun rasa gane masa: wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce taɓin hankali. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma burinsa ɗaya shi ne wani masani ya shaida a gaban mutane cewa ba shirme ya tara ba.

Zuwan Dillali

A watan Maris na 2019 wani dillalin duwatsu daga Agadas mai suna Hamma, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya zo ya buɗe adakokin a zaure. Ya ce, "Malam, ka gyara mini su, bayan damina ina dawowa da masu saye."

Nufin Hamma shi ne a kaɗe ƙura a naɗe kowanne a tsumma. Malam Ɗahiru kuwa dutse mai daraja da ya sani shi ne tsakiyar da mata ke ratayawa, sumul babu kaifi. Saboda haka wata bakwai shi da Zulai suna goge su a kan dutsen niƙa, suna kashe kowane tsini, har yatsunsu suka tsage.

A Oktoba da Hamma ya dawo, Malam Ɗahiru ya tara maƙwabta domin su ji shaida da kunnensu. Hamma ya duba, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Wa ya yi wannan ɓarna? Tsinin da Allah ya yi musu ai shi ake saye."

Malam Ɗahiru ya ce, "To ba kai ka ce in gyara ba?"

Ƙarshen Rayuwa

Bai yi rigima ba, amma bai gane ba. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙare su yana tambayar malamai da baƙi yadda za a ce abin da aka sha wahalar gyarawa ya fi wanda ba a taɓa ba arha. Babu wanda ya ba shi amsar da ta zauna masa.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Fabrairu 2023, aka yi jana'izarsa bayan Azahar a maƙabartar Gangara. Ya bar matarsa Zulai da 'ya'ya huɗu: Fiddausi, Ishaku, Kadi da Ubaidullahi. Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar bakwai Hamma ya zo ta'aziyya, ya roƙa a duba ko akwai guda ɗaya da ya tsira da tsininsa, ya ɗaga shi a gaban jama'a ya wanke sunan marigayi. Aka zazzage adaka biyun a tabarma, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Zulai ta ce, "Kada ku wahala. Malam ba ya barin aiki rabi."